Katanga ɗaya, masu gona tamanin: muhawara kan ƙauyen Vougeot da gandun inabinsa

Injiniya Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A ci gaba da tattaunawar da muke yi kan gine-ginen karkara na ƙasashen duniya, yau ina so mu leƙa wani ƙaramin ƙauye mai suna Vougeot a yankin Burgundi da ke gabashin Faransa, a bakin hanyar da ta tashi daga Dijon ta nufi Beaune. Mazauna ƙauyen ba su kai mutum 200 ba, faɗin ƙasarsa kuma bai cika murabba'in kilomita 1 ba, amma fiye da rabin wannan ƙasa gona ce guda ɗaya ta inabi mai kimanin hekta 50, wadda aka kewaye da katangar dutse ake kiranta Clos de Vougeot.

Asalin gonar yana komawa ga wasu ruhubanawa Kiristoci waɗanda suka kafa gidan ibadarsu a Cîteaux a shekarar 1098 ƙarƙashin jagorancin Robert na Molesme. Wurin da suka sauka fadama ce da daji, inabi ba ya yin kyau a cikinta, saboda haka suka bi kogin Vouge zuwa mafarinsa a gindin tudu, inda tun wajen 1110 masu ƙasa suka fara ba su kyautar filaye. Sun shafe fiye da shekara 200 suna haɗa waɗannan filaye, wani kyauta, wani saye, wani musaya, kuma kafin shekarar 1336 ta wuce an gama zagaye su da katanga a kan iyakar da take har yau.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gine-ginen da ke cikin gonar. Akwai babban ɗakin ajiya na ƙarni na 12, wanda ba rami ba ne a ƙarƙashin ƙasa, gini ne a doron ƙasa mai bango mai kauri da ƙananan tagogi, rufinsa na manyan katakai yana zaune kan ginshiƙan dutse takwas, kuma yana iya ɗaukar ganga 2,000, kowace ganga lita 228. A samansa akwai ɗakin kwanan ma'aikata, a gefensa kuma akwai zauren matsar inabi wanda aka gina a zagaye da wata 'yar tsakar gida. Sai a 1551 shugaban gidan ibadar na 48, Jean Loisier, ya jingina wa waɗannan gine-gine wani katafaren gidan bene mai hasumiyoyi, wanda shi ne mutane suke ɗauka hoto yanzu. Ra'ayina shi ne gine-ginen aikin ne gwanintar wurin, gidan benen kuwa alama ce ta cewa masu gonar sun fara manta abin da ya kai su can. Ina son jin ta bakinku.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma dole in faɗi abin da ke raina tun da wuri. Gonar nan ba don a ci 'ya'yanta ake noma ta ba, don a yi giya ake noma ta, kuma hukuncin giya a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, har mai matsa ta da mai ɗaukar ta bai tsira ba. Ina fatan ba za a mai da wannan zaure wurin yabon kwalba ba, domin akwai yara matasa da suke karanta abin da muke rubutawa.

Injiniya Hadiza:
Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji, maganarka tana kan hanya. Babu wanda zai zo nan ya yi tallar abin da ke cikin gangunan, kuma ba zan ɓoye cewa abin da ake yi da wannan inabi ke nan ba. Abin da muke bi shi ne yadda aka yi ginin da ya tsaya fiye da shekara 800, da yadda ƙasa ɗaya ta sauya hannu daga ƙungiyar addini zuwa attajirai zuwa ƙananan manoma, kuma a nan nake sa ran kai ma za ka ƙaru mu, tunda rabon gado fanninka ne.

Malam Isufu Damagaram:
Na shiga wurin nan lokacin da nake karatu a Dijon, domin jirgin ƙasa yana tsayawa a 'yar tashar da ke tsakanin Vougeot da Gilly, daga nan mutum ya taka da ƙafa. Zan goyi bayan Injiniya a kan zauren matsa. Akwai manyan injinan matsa guda huɗu na katako zalla, ɗaya a kowace kusurwa, kuma hoto ba ya nuna girmansu. A kowanne an ɗaure gungumen itacen oak da yawa wuri guda suka zama doguwar sanda mai nauyin da ba a magana, an maƙale kanta ɗaya tsakanin ginshiƙai, ɗaya kan kuma yana rataye a jikin wani katako mai zare kamar ƙusar sukuru, kaurinsa ya kai jikin mutum. Ana jibge inabi a kan faffaɗan dandamali, a rufe shi da alluna, sai ƙarti su kama sanda suna zagaya sukurun a hankali, gungumen yana sauka yana danne tulin, ruwan yana bin wata 'yar kwata da aka sassaƙa a bakin dandamalin yana zuba a mazubi. Idan ka dafa katakon za ka ji inda hannuwa suka goge shi ya yi santsi. Wanda ya tsara wurin ya san aikin da kyau, domin daga inda ake shigo da kwanduna zuwa inda ake matsa zuwa ɗakin ajiya, tafiyar 'yan taku ce, babu inda mai ɗauke da kaya zai yi doguwar kewaya.

Dutsen ma ba daga nesa aka kawo shi ba. Akwai tsohuwar mahaƙar farin dutse dab da gonar ta sama, wadda yanzu ita ma an dasa mata inabi ana kiranta La Perrière, shi ya sa katanga da gida da ƙasar da suke kai duk launinsu ɗaya.

Yohanna Wusasa:
Ina gaishe ku duka, musamman Baba Alhaji. Bari in ƙara haske kan mutanen da suka yi wannan aiki, domin in ba a san su ba, ba za a fahimci ginin ba. Ruhubanawan Cîteaux sun ware ne saboda suna ganin sauran gidajen ibada na zamaninsu sun nutse cikin dukiya da ado, suka ce za su koma ga addu'a da aikin hannu. Bernard na Clairvaux, wanda ya shiga cikinsu wajen 1113, ya yi suna wajen ƙyamar sassaƙe-sassaƙe da ƙyale-ƙyale a wurin ibada, kuma wannan ne dalilin da ya sa ɗakin ajiyar da Injiniya ta yaba ba shi da ado ko na ƙwabo. Buƙatarsu ga inabi kuwa ta samo asali ne daga ibadar coci da karɓar baƙi da abin da ƙa'idarsu ta yarje musu a abinci, kafin daga baya ta zama kasuwanci.

Sai dai masu addu'ar ba su ne suke wuni a gona ba. Akwai wani rukuni na 'yan uwa ma'aikata, galibi 'ya'yan talakawan karkara waɗanda ba su yi karatu ba, su ma sun ɗauki alkawarin zaman ibada amma aikinsu noma da kiwo da gini. Su ne suke kwana a saman ɗakin ajiyar, tunda Cîteaux tana da 'yar tazara. Daga ƙarni na 14 adadinsu ya ragu ƙwarai, aka koma ɗaukar 'yan ƙodago. Saboda haka ban yarda cewa 1551 ce shekarar da abubuwa suka sauya ba. Sauyin ya riga gidan benen da kusan shekara 200, ranar da gonar ta daina zama wurin da masu ita suke aiki da hannunsu ta zama kadarar da ake kula da ita daga nesa. Loisier ya gina masauki ne wanda ya dace da abin da gonar ta riga ta zama, wato wurin da manyan mutane suke zuwa ziyara.

Injiniya Hadiza:
Malam Yohanna, na karɓi batun lokaci, amma hakan ƙarfafa maganata ya yi. Gini ba ya fara sauyi, bayyana shi yake yi. Dubi bambancin tagogi kawai. Na ɗakin ajiya ƙanana ne siriri domin a tsare sanyi a hana zafin rana shiga, na gidan benen kuwa manya ne domin wanda ke ciki ya hango gonarsa kuma a hango shi. Ƙofofinsa an yi musu sassaƙa irin ta salon da ya shigo daga Italiya a wancan ƙarni, ɗakunansa suna da manyan murhunan ɗumama ɗaki. Ban ce ba shi da kyau ba, domin daga waje yana da kamun kai fiye da yawancin gidajen sarauta na zamaninsa, amma kyansa na wanda ya zo kallo ne.

Barista Maryam:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda gonar da aka yi shekara 200 ana haɗawa ta koma hannun mutane kimanin 80 a yau. Bayan juyin juya halin 1789 gwamnati ta ƙwace kadarorin coci ta mai da su na ƙasa, aka yi gwanjon wannan gona a 1791. Sannan kundin dokokin farar hula na Napoleon na 1804 ya tabbatar da soke tsarin da babban ɗa yake haɗiye ƙasa, ya wajabta a raba wa 'ya'ya daidai, mace da namiji. A duk faɗin Burgundi wannan doka ita ce ta yayyanka gonaki, har ka ga mutum ya gaji layi biyar ko shida na inabi. A ganina Vougeot misali ne mafi bayyana na abin da dokar gado take yi wa ƙasa idan aka ba ta isasshen lokaci.

Dakta Lawal:
Barista, wannan bayani shi ne aka fi yaɗawa, amma a kan wannan gona shekarun ba su goyi bayansa ba. Bayan gwanjon 1791 gonar ta bi ta hannun wasu masu kuɗi na birnin Faris a dunƙule, a 1818 kuma ta shiga hannun Julien-Jules Ouvrard, ɗan wani hamshaƙin ɗan kasuwa da ya yi arziki wajen sayar wa sojojin Faransa kayayyaki. Ouvrard ya riƙe ta guda har ya mutu a 1861, magadansa ma suka ci gaba da riƙe ta guda har 1889. Ke nan ta yi kusan shekara 100 bayan korar ruhubanawa, da shekara 85 a ƙarƙashin dokar Napoleon, ba a yanka ta ba.

Abin da ya karya ta wani ɗan ƙwaro ne da ake kira filoksera, dangin darɓa, wanda ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashen inabi a farkon shekarun 1860. Yana zama a cikin ƙasa yana tsotsar saiwa, raunin ya ruɓe, kurangar ta yi ta ƙanjamewa har ta bushe cikin 'yan shekaru. An fara ganin sa a gundumar da Vougeot take a 1878, a ƙauyen Meursault. An gwada ɗura wa ƙasa magani mai guba da allura, abin ya ci kuɗi kuma bai kawar da shi ba. Maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda masu lambu suke yi wa mangwaro da lemo: a ɗauko gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa, a aura masa reshen irin inabin gida da ake kira Pinot noir. Amma hakan na nufin a tumɓuke gona kakaf a sake dasawa a jira shekaru kafin a ga amfani. A cikin wannan hali ne magadan suka sa hekta 50 a kasuwa, ba a sami mai saye shi kaɗai ba, sai 'yan kasuwa shida na yankin suka raba a 1889.

Wannan annoba ta sauya har kamannin gonar. Kafin ita ana dasa inabi ne a cakuɗe, idan ana son sabuwar kuranga sai a kwantar da reshen tsohuwa a binne shi ya yi saiwa, aikin duka kuma da fartanya ake yi. Layukan da ake gani yanzu miƙe a jikin waya, tazarar kusan mita 1 tsakaninsu domin doki ya wuce da garma, bayan filoksera aka fara su. Wanda ya tsaya yau yana cewa yana kallon gonar ruhubanawa, katangarsu kawai yake kallo.

Barista Maryam:
Dakta, cinikin 1889 shi ya buɗe ƙofa, ban musa ba, amma daga shida zuwa tamanin ba ƙwaro ne ya yi wannan aiki ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya sa Ouvrard ya iya riƙe ta guda, amsar kuwa ita ce yana da wasu kadarori masu yawa, har da shahararriyar gonar inabin Romanée-Conti, ta yadda rabo ba dole ne ya bi ta kan wannan fili ba. Da ta faɗa hannun iyalai waɗanda inabin shi ne kusan dukan abin da suka mallaka, kowace mutuwa sai ta zo da awo da turaku, ko kuma a sayar da wani yanki domin a biya harajin gado, wanda yake da nauyi a ƙasar da farashin fili ya kai inda ya kai. Dokar ta jira ne har ta sami irin mutanen da take iya yi wa aiki.

Alhaji Garba:
To, tunda an zo fagena bari in sa baki. Abin da kuke ja-in-ja a kai mun san shi a gida. Gandu yana zama guda ne muddin akwai mai gida da kowa yake aiki a ƙarƙashinsa, ranar da ya kwanta dama aka yi rabo, bayan jikoki biyu sai ka ga abin da ya rage wa mutum bai wuce gayauna ba. Waɗancan ruhubanawa sun riƙe tasu kusan shekara 700 ne saboda mai gonar ƙungiya ce, ita kuwa ba ta mutuwa balle a raba gadonta, wanda a shari'armu abin da ya fi kusa da haka shi ne wakafi. Amma kada a ɗauka ina kukan rabo. Haƙƙin magaji haƙƙi ne, kuma gonar da ba a rabawa tana nufin akwai ɗimbin mutane da suka yi mata bauta ƙarni bayan ƙarni ba su taɓa mallakar taku ɗaya a cikinta ba, kamar waɗancan 'ya'yan talakawa da Yohanna ya ambata. Tambayata ga wanda ya je ita ce, da mutum tamanin a fili ɗaya, yaya suke gane iyaka ba a rigima?

Malam Isufu Damagaram:
Allah ya ja zamanin Baba. A cikin gonar babu shinge ko ɗaya, iyaka layi ce, kowa ya san daga layi kaza zuwa layi kaza nasa ne, kuma komai yana cikin rajistar filaye ta hukuma. Amma ido yana gane bambanci. Za ka ga wani yanki an yi masa huɗa ƙasar ta yi laushi, na kusa da shi an bar ciyawa tsakanin layuka, wani an aske ganyensa ƙasa-ƙasa, wani an bar shi ya yi tsawo, wani kurangarsa tsofaffi ne masu kaurin gindi, na maƙwabcinsa kuma sabon dashe. A jikin katangar ta bakin hanya an huda ƙofofi da dama, wasu da ginshiƙan dutse da sunan gidan da ke da yankin a sassaƙe a sama, abin da ba a buƙata lokacin da mai gona ɗaya ne. Suna auna fili da wani tsohon ma'auni na abin da mutum ɗaya zai iya nomewa a wuni, wanda 24 daga cikinsa ne hekta 1, kuma akwai masu 'yan kaɗan ƙwarai. Mafi girman rabo shi ne na wani gidan manoma mai suna Château de la Tour, hekta 5 da ɗoriya, su ne kuma suke da nasu ginin a cikin katanga suna sarrafa amfaninsu a can, sauran kowa kwashe nasa yake yi ya kai gidansa a ƙauyukan kewaye.

Dakta Lawal:
A nan ne katangar ta haifar da matsalar da har yau ake gardama a kanta. Ƙasar da ke cikinta ba iri ɗaya ba ce. Ta sama, kusa da gidan benen, inda take iyaka da gonakin Musigny da Grands Échezeaux, ba ta da zurfi, tsakuwa ce a kan farin dutse, ruwa ba ya kwanciya. Ta tsakiya ta fi laka. Ta ƙasa kuwa, wadda ta gangaro har bakin babbar hanya, shimfiɗaɗɗiya ce mai zurfi da yumɓu, tana riƙe ruwa a shekarar da aka yi damina mai yawa. A ƙauyukan da ke maƙwabtaka, filin da ya sauko bakin hanya haka ba ya samun daraja ta ɗaya. Amma da aka zo tsara darajojin gonaki a hukumance a 1937, sai aka bi katanga aka ba dukan abin da ke cikinta matsayi mafi girma. Lokacin da mai gonar ɗaya ne wannan ba damuwa ba ce, domin yana iya haɗa na sama da na ƙasa yadda shekara ta ba da. Akwai labarin da masu yi wa baƙi jagora suke so, wai na sama na Fafaroma ne, na tsakiya na sarakuna, na ƙasa na ruhubanawa, amma wannan hira ce ta jan hankalin baƙo. Yanzu da aka rarraba, suna ɗaya ne a kan kayan mutum 80, daraja ɗaya a takarda, alhali ƙasa da hannun manomi sun sha bamban.

Yohanna Wusasa:
Injiniya, ina so in dawo da ke kan gidan benen da kika yi wa hukunci, domin ina ganin shi ne ya ceci ɗakin ajiyar da kike ƙauna. A rabon 1889 wani ɗan kasuwa mai suna Léonce Bocquet ya ɗauki gine-ginen, ya zuba dukiyarsa wajen gyara su, kuma ba don son tsofaffin injinan matsa ya yi ba, don yana son gidan da zai karɓi baƙi ne. Bayan shi suka koma hannun Étienne Camuzet, ɗan majalisa kuma magajin garin Vosne-Romanée, wanda ya sayar da su a 1944 bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya lalata su. Waɗanda suka karɓa su ne ƙungiyar Chevaliers du Tastevin, mai tallata giyar yankin, wadda aka kafa a Nuits-Saint-Georges a 1934 lokacin da kasuwar yankin ta faɗi sakamakon karyewar tattalin arzikin duniya. Da a ce rumbu da zauren matsa kaɗai ne a tsakiyar gonar da masu ita suka watse, wa zai kashe kuɗi a kan rufinsu?

Injiniya Hadiza:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam Yohanna, kuma gaskiya ne cewa gine-ginen aiki da yawa irin waɗannan sun rushe ko an kwashe duwatsunsu saboda ba su da abin da zai ja mai kuɗi. An sa wurin cikin jerin gine-ginen tarihi na Faransa a 1949, a 2015 kuma hukumar UNESCO ta shigar da gonakin yankin, filaye 1,247 kowanne da sunansa da iyakarsa, cikin kayan tarihin duniya. Amma a duba farashin da aka biya. Ba a sarrafa komai a ginin yanzu, kuma ba shi da gonar da ke kewaye da shi. Ɗakin da aka yi wa bango mai kauri da ƙananan tagogi domin ganguna su huta cikin sanyi da duhu ya koma zauren liyafa na ɗaruruwan mutane, da fitilu da makaɗa da riguna ja da rawaya waɗanda aka ƙirƙiro a ƙarni na 20 domin su yi kama da na da. A wurina an tsare jikin ginin ne ta hanyar sauya masa aiki gaba ɗaya, kuma a makarantun zanen gini har yanzu ba a gama sasantawa ba kan ko hakan adanawa ne ko kuwa wani sabon abu ne aka yi da tsohon dutse.

Barista Maryam:
Dakta, tunda kowa ya san ƙasar bakin hanya ba ta kai ta sama ba, me ya hana hukuma ta sake zana iyakar darajar ta bar katanga a matsayin tarihi kawai?

Dakta Lawal:
Abu biyu ne, Barista. Na farko, duk wanda yake da layuka a ƙasa ya saya ko ya gada ne a farashin daraja ta ɗaya, an kuma yi masa harajin gado a kan haka, don haka rage masa matsayi daidai yake da kwashe masa mafi yawan dukiyarsa da alƙalami, kuma a tsarin Faransa irin wannan gyara yakan taso ne daga ƙungiyar masu gonar kansu, waɗanda da yawansu suna da fili a ƙasan. Na biyu, manoman ƙasan suna da tasu hujjar: an yi magudanan ruwa a ƙarƙashin wasu filayen, kuma a shekarun zafi da fari, waɗanda suka yawaita a baya-bayan nan, yumɓun da ke riƙe ruwa yana taimakon kuranga a lokacin da ta kan tsakuwa take jin ƙishi. Wasu gidajen ma suna da layuka a sama da ƙasa duka, suna haɗa amfaninsu wuri ɗaya, saboda haka ba su da wani dalilin neman a raba musu suna biyu.